Wanda Kotu Ta Naɗa wa Inna Bakhita

Lahadi, 5 ga Janairu, bayan la'asar

Yau Alaa ya hawo sama ya buga mana ƙofa da kansa. Na ɗauka gaisuwa ce ta kawo shi, har na ɗora shayi. Bai zauna ba. A tsaye ya gaya wa maigidana Sada cewa daga wannan wata kuɗin haya shi za a riƙa kai wa, ba Inna Bakhita ba, domin kotu ta naɗa shi ƙayyim a kanta. Sada ya karɓi takardar ya karanta, ya mayar masa, ya ce tamam, wato shi ke nan.

Da ya fita na tambayi Sada ma'anar kalmar. Na san ta tun muna karatun fiƙihu, amma so nake in ji ta a bakin wani. Ya ce an yanke cewa Inna ba ta da hankalin riƙe dukiyarta. Ba saye, ba sayarwa, ba kyauta, sai abin da Alaa ya ga dama.

Alaa ɗan ƙanin mijinta ne, marigayi Ammu Hasan. Na san shi tun yana siririn saurayi, yana ɗauko mata tukunyar gas a kafaɗa, ita kuma ta tsare shi a kicin sai ya ci ya ƙoshi. Mun kusa shekara ashirin muna haya a saman gidanta a nan unguwar Hadayek el-Maadi, a Alƙahira.

Ban sauka wurinta ba yau. Ban san da wace fuska zan shiga ba.

Litinin, 6 ga Janairu, da hantsi

Na same ta a bakin taga inda rana ke shigowa, tana dakan busasshiyar kuɓewa a ƙaramin turminta. Ba ta san komai ba. Na yi ta kewaye-kewaye, har na tambaye ta ko wasu baƙi sun taɓa zuwa da Alaa. Ta ce ƙwarai, lokacin zafi ya kawo wani likita mai gilashi, ya ce awon jini za a yi. Likitan bai ko taɓa hannunta ba, sai tambaya: yau wace rana, ina kike zaune, nawa ne kaza a cire kaza.

"Kuma duk na ba shi amsa, Sabuwa. Shi ne dai bai ji ba, sai rubutu yake yi."

Na ce da wane harshe kika ba shi? Ta dube ni, ta ci gaba da daka.

Tun da hawan jini ya kayar da ita bara, Larabcin ke suɓuce mata. Matar da ta yi shekara hamsin tana ciniki da masu kayan miya na unguwar nan, tana faɗa da direbobin mikrobas, ƙananan bas ɗin haya, har su ba ta haƙuri. Yanzu in ta buɗe baki Hausa ke fitowa, ita kuma a ganinta Larabci take yi. Shi ke nan abin da ke damunta. Ban da wannan lafiyarta ƙalau.

Laraba, 8 ga Janairu, bayan asuba

Sanyi. Irin wannan sanyin ne ya tarbe ni shekarar da na zo. Ina amarya, daga Funtuwa, ban san kowa ba, Sada kullum yana jami'a ko wurin darasin malamai. Wata rana na fita sayen burodi na ɓata, na tsaya kusa da tashar metro, jirgin ƙasan cikin gari, ina kuka a cikin mayafi. Sai na ji an ce a bayana, "Ke 'yar nan, wa ya mutu?" Na juya na ga mace baƙa, doguwa, cikin lafaya irin ta Sudan, da kwandon lemu a hannu. Wai tun daga nesa ta gane ni, daga yadda nake tafiya a gefen hanya kamar ina tsoron taka ƙasar mutane.

Hausarta irin ta kakata ce, da kalmomin da mu muka daina faɗa. A Mai Wurno aka haife ta, a bakin kogi can Sudan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya a can. Ba ta taɓa ganin Nijeriya ba, amma in tana zancen Sakkwato sai ki rantse jiya ta baro ta. Ammu Hasan mutumin Aswan ne, aikin jirgin ruwa ya kai shi ƙasarsu, ya auro ta. Allah bai ba su haihuwa mai rai ba. Kafin ya rasu ya rubuta gidan da sunanta.

A ranar ta kai ni kicin ɗinta ta tuƙa mini tuwo. Kafin wata ya ƙare mun dawo samanta.

Juma'a, 10 ga Janairu, bayan magariba

Ɗalibai sun zo bayan sallah kamar kullum. Tun kafin in zo ƙasar nan haka ake yi: duk Bahaushen da ke karatu a Alƙahira ya san ranar Juma'a akwai tuwo a gidan Hajja Bakhita. Da yawansu yanzu limamai ne da alƙalai a gida. Akwai wanda ta biya wa kuɗin jirgi ya je jana'izar uwarsa.

Yau babu nama. Ta aika wurin mahauci, ya ce Alaa ya hana a ba ta komai sai da saninsa. Katin fanshon Ammu Hasan ma yana hannunsa. Ta yi miyar kuɓewa haka nan, tana zubawa tana ba su haƙuri, wai mahaucin nan ya fara tsufa, mantuwa ta yi masa yawa. Yaran suka ci, kansu a ƙasa, suna yabon miyar.

Ni na gaya mata bayan sun tafi. Na zaɓi kalmomi masu taushi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Alaa? Ai yaro ne." Ta tashi ta shiga wanke-wanke, ta hana ni taya ta.

Asabar, 11 ga Janairu, da rana

Lafiyarta ƙalau. Gajiya ce kawai.

Talata, 14 ga Janairu, bayan azahar

Mun je wurin wani lauya, Ustaz Mu'tasim, wanda ɗaya daga cikin ɗaliban ya yi mana hanya. Mutum mai haƙuri, ya bar ni na yi ta zuba. Ya ce ana iya kai ƙorafi, a nemi a sake duba ta da tafinta, amma abin yana ɗaukar lokaci, kuma za a tambaya ni wace ce a wurinta. Na ce 'yarta ce. Ya ce a takarda yake nufi.

Ya tambaye ni ko ban da harshen akwai wani abu, mantuwa ko rikicewa. Na ce babu.

A metro Sada ya tuna mini cewa iƙamarmu, takardar izinin zama, ta kusa sabuntawa, mu baƙi ne, shi kuma Alaa ɗan ƙasa ne mai mutane. Bai ce in bari ba. Ya dai faɗa ne, yana kallon taga. Ya gama digirinsa tun bara, kayanmu rabi a ɗaure, mun tsayar da komawa gida bayan Ƙaramar Sallah. Ban so in yi tunanin wannan yanzu.

Alhamis, 16 ga Janairu, da safe

Ba zan rubuta abin da ya faru da tukunyar shayi jiya ba. Na buɗe tagogi, warin gas ya fita, babu wanda ya sani. Kowa yana mantawa da wuta. Ni ma na taɓa yi.

Lahadi, 19 ga Janairu, bayan la'asar

Na tare Alaa a matakala. Ya fito daga wurinta da awarwaronta na zinariya a aljihu, wai zai adana mata don gida ya cika baƙi. Awarwaron da Ammu Hasan ya sa mata ranar aure. Ban taɓa ganin hannunta babu su ba, ko tana tuƙi ƙararsu ake fara ji.

Na yi masa magana da duk Larabcin da nake da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce gonar kakansa aka sayar a Aswan aka gina wannan gida, uban nasa bai ga ko sisi ba, ya mutu a ɗakin haya. Ya ce shekara da shekaru yana kallo ana ciyar da 'yan wata ƙasa da abin da ya kamata ya zama na 'ya'yansa. Ya ce yana son ta, ita ta yi masa kaciya ta yi jinyarsa, ba zai bari ta wulaƙanta ba. Sannan ya ce, "Ke ma kin san ba daidai take ba, Madam. Kin fi kowa sani."

Na shiga na same ta tana shafa wuyan hannunta. Ta ce hannun ya yi mata sauƙi, kamar ba nata ba.

Laraba, 22 ga Janairu, da hantsi

Wasu mutum biyu sun zo suna auna bango da matakala. Ɗaya ya tsaya yana ɗaukar hoton tsagar da ke bayan banɗaki, tsagar da na tarar tun zuwana. Inna ta kawo musu shayi.

Juma'a, 24 ga Janairu, bayan isha'i

Ɗalibai sun zo da nama a leda, suka ce wani ne ya yi sadaka. Ta karɓa ta sa musu albarka. Kicin ya cika da hayaniya kamar da, ana gardamar nahawu, wani yana kwaikwayon malaminsu. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, sai na tuna shekarar da yaƙi ya tashi a Sudan, yadda rufin gidan nan ya cika da mata da yara, wasu danginta na nesa, wasu ba ta ma san su ba. Tana kwana a zaune tana sauraron waya. Ƙanwarta Tagwa ba ta iso ba, har yau ba a san inda take ba.

Da za ta miƙo mini kwano ta ce, "Tagwa, riƙe." Na riƙe. Kama muke yi, in ji ta. Ta sha faɗa mini haka tun da.

Litinin, 27 ga Janairu, bayan magariba

Na raka wata mara lafiya daga Kano asibiti, ina yi mata tafinta. Na dawo na tarar da kwaɗo sabo a ƙofar Inna. Na buga har hannuna ya yi zafi. Wayar Alaa a kashe.

Talata, 28 ga Janairu

Babu labari.

Laraba, 29 ga Janairu

Babu labari. Sada ya je gidan Alaa, matarsa ta yi magana ta bayan ƙofa, ta ce ya yi tafiya.

Ƙamshin turarenta yana hawowa ta matakala har yanzu. Ita take haɗa shi da kanta, da sandal da sukari, ba ta yarda da na kasuwa ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, bayan isha'i

Mai gugan da ke ƙasan layi ne ya taimake mu. Ya ga tasin da ya ɗauke ta, kuma ya san direban. Gidan tsofaffi ne can ƙarshen Giza. Metro, mikrobas, sannan tuk-tuk, adaidaita sahunsu.

Wurin ba ƙazanta gare shi ba, kada in yi musu ƙarya. Amma sun cire mata lafaya sun sa mata wata doguwar riga mai ruwan toka, sun kuma aske mata kai. Kitson da na yi mata makon jiya. Ma'aikaciyar ta ce ba ta da rigima, sai dai tana ta surutai da ba a gane ba. Na ce ba surutai ba ne, harshe ne, mutane miliyoyi ke yin sa. Ta ce ma'alish, wai in yi haƙuri.

Inna tana zaune a bakin gado, takalmanta a ƙafa, jakarta a cinya. Alaa ya gaya mata awo za a yi mata a dawo da ita. Tun Litinin take jira a gama awon. Da ta gan ni ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Abin da ta fara tambaya shi ne ko yara sun ci abinci jiya. Na ce sun ci. Ta ce wa ya tuƙa? Na ce ni. Ta ce to Allah ya sa ban bar gudaji ba.

Babu wanda ya tuƙa komai jiya. Sun zo sun ga kwaɗo sun juya.

Talata, 4 ga Fabrairu, da safe

An ba da izinin sayar da gidan. Hujjar ita ce ya tsage, zai iya faɗuwa, kuma ana bukatar kuɗin kula da ita. Wanda ya saya yayan matar Alaa ne. Ustaz Mu'tasim ya ji farashin ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya shigar da ƙorafinmu, an sa rana bayan Sallah. Ya ce in kotu ta gano abin da aka yi za ta iya cire Alaa ta tuhume shi, amma in daina sa rai a kan gidan.

Ya sake yi mini tambayar da ya yi kwanaki. Wannan karon na gaya masa zancen gas, da na Tagwa, da ranar da ta yi sallar la'asar sau biyu. Ya ce wannan ba ya halatta abin da aka yi mata. Mai mantuwa mataimaki yake bukata. Na fito ofishinsa ina jin kamar na ci amanarta.

An ce mu tashi kafin ƙarshen wata.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na kai mata tuwo a kula. Ta raba wa matan ɗakin, ta ci loma biyu.

Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan azahar

Su Alaa sun buɗe ɗakinta sun kira mai sayen tsofaffin kaya. Daga taga nake kallo ana lodawa a kekensa: gadon ƙarfe, rediyon Ammu Hasan, babbar tukunyar Juma'a da mutum biyu ke saukewa. A kan wannan gadon na yi naƙudar da ba ta zo da rai ba. Ita ta wanke ni, ita ta yi mini ruwan zafi na kwana arba'in kamar na haihu, ta ce jiki bai san bambanci ba. Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Zama kawai take yi kusa da ni tana ba ni labarin kogin garinsu, yadda suke wanki a kan duwatsu, da wani kada da aka ce ya san muryar kakarta.

Na sauka na sayi turminta da muciya daga hannun mai keken. Ya yi mamakin yadda ban yi ciniki ba.

Mun samu ɗaki biyu a unguwar Arba wa Nus. Babu rana a ciki, amma maƙwabta duk mutanen Sudan ne.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ta rame. Yau ba ta sa takalma ba, jakar ma tana ƙarƙashin gado. Ban san ko in ji daɗin hakan ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, bayan magariba

Shugabar gidan tsofaffin ta kira ni, domin ni kaɗai ke zuwa. Alaa kuɗin shiga kawai ya biya, tun daga nan ba ya ɗaukar wayarsu. Ta ce ba za su jefa tsohuwa a titi ba, amma su ma ba gidan sadaka ba ne. Lauya ya ce in sa ta rubuta wannan ta sa hannu, zai yi amfani a kotu. Ya kuma ce ba zan iya fito da ita ba sai da yardar ƙayyim.

Sada ya aika wa Alaa saƙo. Kafin a kira magariba amsa ta zo, kalma biyu: ku ɗauka.

Na zauna ina jiran Sada ya kawo zancen tikiti, da mahaifiyarsa da ke ƙirga kwanakin dawowarmu, da aikin da aka yi masa alkawari a Katsina. Ita Inna ba za ta iya bin mu ba, fasfonta yana hannun Alaa, kuma shari'a tana gaba. Ya daɗe yana jujjuya wayar. Sannan ya ce, "Shekarar da aka yanke mana tallafin karatu, wata nawa muka yi ba ta karɓi haya ba?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce shi ma bai ƙirga ba. Ya tashi ya shiga ɗakin da ya shirya littattafansa, ya fara mayar da su kwali don a samu wurin gado.

Zai kira Hajiyarsa gobe. Ba na so in kasance a ɗakin.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, bayan isha'i

Mun ɗauko ta. Na kai mata lafaya mai ruwan goro, na ɗaura mata ɗankwali. Ta bi matan ɗakin ɗaya bayan ɗaya tana sallama da Hausa, suna amsawa da Larabci, wata har da hawaye.

Gari ya cika da fitilun azumi, ana ta rataye ƙyallaye masu launi a layuka. Tana kallo ta tagar tasi, ta ce bana sai a nemo gero da wuri saboda kunu. Na ce an nemo.

Dole muka ratsa ta Hadayek, domin na bar bargonta wurin mai guga. Na so direba ya tsaya a bakin titi, amma kafin in yi magana ya shige layin ya tsaya daidai ƙofar gidan. Sada ya fita karɓo bargon. An yi wa ƙofa sabon fenti, kore. Har an tare a hawanta, akwai keken yaro a baranda da kaya a igiya.

Ta daɗe tana kallo. Na riƙe hannunta ina jira, ban san me zan ce ba in ta ce a buɗe mata mota.

"Sabuwa," ta ce, "matar gidan nan ba ta iya shanya ba. Dubi yadda ta maƙale riga ta kafaɗa."

Na ce haka ne, Inna. Na tambaye ta ko tana so ta sauka.

"A'a. Ba a shiga gidan mutane da magariba. Mu je gida."

Sada ya shigo ya ɗora mata bargon a cinya. Na ce wa direba yalla, mu tafi.